Mashin Dashen Jolan

Litinin, 15 ga Afrilu, da hantsi

Na shayar da dashen tattasai. Matata Jolan ce ta ce in riƙa rubutawa a bayan kalandarta duk ranar da na shayar, idan ta dawo daga asibiti za ta duba, wai don ta san bakina da hannuna ba uwarsu ɗaya ba. To ga shi na rubuta. Ni Kalman, mai ilmin aji takwas, wanda malaminsa ya ce rubutunsa kamar kaza ta sha barasar palinka ta bi ta cikin tawada, yau ni ne magatakarda.

'Yarmu Emese ta zo daga birnin Szeged tun Juma'a, da akwati biyu. Ɗaya tufafi, ɗaya gawarwaki. To, hotunansu. Shekara da shekaru ke nan tana auna kawunan masu da aka tono daga kaburburan Avarawa, mahayan nan da suka riga kakanninmu zama a filin nan, suka mutu suka bar mana tsatsa. Idan ta gama rarraba masun gida-gida ta rubuta littafi, ta miƙa wa malamanta kafin ƙarshen Mayu, sai a ce mata dokta. Doktar da ko ƙwayar ciwon kai ba ta bayarwa. Da a ce ɗaya irin doktar ce, da yanzu... a'a, bar wannan.

Talata, 16 ga Afrilu, da yamma

Mun hau bas mun je, mun dawo. Warin wurin nan ya biyo ni har gida, yana cikin gashin bakina. Na wanke da sabulu, na kurkure da palinka. Yana nan.

Na shayar.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da rana

Teburin cin abincinmu ya zama maƙabarta. Duk inda zan ajiye kwano akwai wanda ya riga ni kwanciya. Ta jingina hoton wani ƙoƙon kai da kwalbar gishiri, haƙora a waje.

Na ce, "Emese, mutumin nan yana kallon miyata."

"Ba shi da ido, Baba."

"Shi ya sa kallon ya fi muni."

Ba ta yi dariya ba, amma ta ɗago, sai na ci gaba da tsokana don ta yi magana. Na ce duk waɗannan guntayen ƙarfe ai iri ɗaya ne, kashin tsatsa. Nan ta jawo kujera ta fara mini karatu. Wai gida uku ne manya. Akwai siriri kamar ganyen kyauro, na huda sulke, mahayi ya saki doki ya soke ka ya wuce. Akwai mai faɗi kamar ganyen bishiya. Akwai mai kama da mazurari, ba shi da kaifi sai tsini. Kowane gida kuma da 'ya'yansa da jikokinsa: ana duba inda cikinsa ya fi faɗi, da tsawon wuyansa, da bututun da ake cusa sanda. Da haka take gane wane ne ya riga wane zuwa duniya.

Na ce, "To idan kin gane, sai me? Su tashi su gode miki?"

"Sai mu san su wane ne suka zo, da wa suka koya wa ƙira."

Ta nuna mini wani kabari: mutum a nan, doki a gefensa da sirdi da linzami, mashin kuma ba a hannun mutumin yake ba, yana wajen dokin. Doki lafiyayye, bai ci ba bai sha ba, aka yanka shi don maigida ya mutu. Tir. Miyar ta fita raina. Na kai wa kare, shi ma ya shinshina ya dube ni. Ni na dafa.

Asabar, 20 ga Afrilu, da la'asar

Yau Jolan ta ɗan samu baki. Tana ganinmu ta kama hannun nas ɗin da ke gyara mata matashi: "Ga doktar tawa. Ni na fara koya mata. Mashin farko da ta taɓa gani a duniya, nawa ne."

Labarin da duk ƙauyen nan ya haddace. Mahaifin Jolan yana huɗa a tsohuwar gaɓar kogin Tisza garma ta tono wani ƙarfe mai tsini, da 'yar ƙwallo a wuyansa. Ya sa masa gajeriyar ƙota, ya zama sandar dashe. Tun kafin in aure ta da shi take huda ƙasa ta sa tattasai. Emese tana 'yar mitsitsiya ta tambaya mene ne, uwar ta ce mashin wani sarkin Avarawa ne. Shi ke nan, yarinya ta lalace, har yau ba ta dawo hayyacinta ba.

Jolan tana ba da labarin, Emese tana kallon taga. Kullum haka take yi idan an zo wurin nan. Kunya ce ta masu ilmi.

Jolan ta tambaye ni dashe. Na ce sun fi ni lafiya. Ta ce wannan ba yabo ba ne.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na shayar. Likita ya kira Emese gefe. Ni ba a kira ni ba, an san aji takwas ne.

Talata, 23 ga Afrilu, da safe

Na fito na tarar da tebur fayau. Babu doki, babu mashi, babu mai haƙora. Ta kwashe komai ta tura ƙarƙashin gado. Kwana nawa ina roƙon Allah Ya nuna mini katakon teburin nan, yau na gan shi, kuma ban taɓa ganin abu mai muni kamarsa ba.

Wayarta ta yi ta kuka a kan firji. Na leƙa, malaminta ne.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"Na san abin da zai ce."

"Ni ban sani ba. Ɗauka in ji yadda farfesa ke gaisuwa."

"Baba, na bar aikin. Na yi magana da matar gidan waya, tana neman mai taimaka mata. Nan zan zauna."

"Ki zauna ki yi me?"

"Wa zai dafa maka? Jiya kare ya ƙi abincinka."

"Karen nan ɗan gayu ne, uwarki ta ɓata shi."

"Ba wasa nake ba."

Na sani. Shi ya sa ni nake yi. Shekara nawa ina yi mata dariya kan aikin nan, ina ce mata mai gadin tsatsa, a gaban baƙi, a gaban kowa. Yau ta yarda da ni. Ban taɓa cin gardamar da ta yi mini ɗaci haka ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Mun je. An sauya wa Jolan ɗaki, ita kaɗai. Na ce an ba ta ɗakin manya. 

Juma'a, 26 ga Afrilu, da yamma

A bas wata mata ta buɗe burodi da tsiran alade mai tafarnuwa tana ci tana lasar yatsu, tana ba ƙawarta labarin ƙafarta da ta kumbura. Mutane suna ci. Ko'ina ka duba ana tauna. Na ji kamar in sauka in tafi a ƙasa.

Na shayar.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Yau ba ta tambayi dashe ba.

Litinin, 29 ga Afrilu

Na gaya mata duk da haka. Na ce sun yi ganye huɗu-huɗu. Ina jin ta ji.

Laraba, 1 ga Mayu

Yau ba a hau bas ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, da hantsi

Yayata Rozi ta zo da asuba da baƙin ɗankwali, ta karɓi mulki. Ta rufe madubai da zane, ta tsayar da agogon bango, ta aike ni in aske gemu, ba madubi. Na yanke kaina wuri biyu. Ta ce, "Kai ko yau sai ka yi abin magana." Na ce, "Yaya, ai ke kika rufe."

Mata sun cika gida da kwanuka. Kowace ta zo ta karkatar da kai gefe guda ta dube ni kamar maraƙin da za a kai kasuwa. Taliya da cuku, kaza da tattasai, waina iri-iri. Ƙuda sun gode.

Rozi ta jera abin da za a sa wa Jolan a akwatin gawa, yadda aka saba: tabaranta, hankici, littafin addu'a, tsefenta. Na ce saura abu ɗaya. Ta ce me. Na ce za ta gani.

Ba zan bar ta ta tafi hannu rabbana ba. Idan ɗan Avar ya tafi da mashinsa, Jolan ba ta fi shi rashin gata ba. Doki dai ba ni da shi, kuma ko ina da shi ba zan yanka ba.

Na ɗauko shi daga rumfa. Tsatsa, busasshiyar laka, ƙotar ta yi baƙi ƙirin. Matar da ko cokali ba ta bari ya kwana a jiƙe, in tura ta gaban Ubangiji da wannan ƙazanta? Ubana ya ce manomin da ya ba da aron fartanya da laka a jikinta ya zagi kansa. Na tsoma shi a ruwan tsami.

Juma'a, 3 ga Mayu, da rana

Na yi aiki kamar jaki, kuma ladan jaki na samu.

Na goge shi da buroshin ƙarfe, na bi da magagari, na ɗora shi a dutsen wasa wuƙa har ya yi ƙyalli kamar cokalin coci. Ƙotar ma na kankare ta da takardar yashi sai da farin itace ya fito, na shafa mai. Na naɗe a tawul na kai wa Emese a kicin, ina jiran a ce sannu da ƙoƙari.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo.

"Me ka yi?"

"Wanka na yi masa. Sarki ne, ba zai tafi da dauɗa ba."

"Wa ya sa ka?"

Sai na tuna ta taɓa cewa su a wurinsu tsatsa ba a taɓa ta, a cikinta ake ganin sauran itace da zaren tufa, wanda ya kankare ya ƙona littafi. Na ce, "Yi haƙuri, dokta, na san na ɓata muku tarihi. Ki rubuta a littafinki, wani jahili..."

"Ba tarihi ka goge ba, Baba." Ta juya ƙotar, ta ɗora babban yatsanta a kai. "Nan akwai wani ɗan lotso, baƙi, mai santsi. Nan yatsanta yake zama. Ka goge hannunta."

Ban sami abin wasa ba. Na laluba ko'ina, babu.

Ta yi ta faɗa. Ta ce ba na iya barin abu yadda yake, komai sai na goge shi na mai da shi abin dariya. Ta jefi ƙofa da tawul. Rozi ta leƙo ta ce a ji tsoron Allah, akwai mutane a falo. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, wani gefe na zuciyata daɗi ya ji. Rabon da in ji muryar yarinyar nan da ƙarfi tun ranar da ta share tebur.

Da yamma ita da kanta ta sa wa uwarta shi a akwati, a hannun dama.

Ban shayar ba. Na manta.

Asabar, 4 ga Mayu, bayan an watse

Kwat ɗin ta matse ni. A maƙabarta Fadan coci ya kira ta Julianna maimakon Jolan, har sau biyu.

Ba wannan zan rubuta ba. Wurin da aka tsayar da ni yana kusa da tsoffin kaburburan gidan masu ƙasa na da, waɗanda aka kewaye da shingen ƙarfe. Na kasa kallon inda kowa ke kallo, sai na kalli shingen. A kan kowane sanda akwai tsini. Da 'yar ƙwallo a wuyansa. Sun jeru reras kamar sojoji, duk uwa ɗaya uba ɗaya, nan da can an karye wasu an bar gurbi.

Jiya na yini da abin nan a hannuna. Ko a duhu na san shi.

Na dubi Emese. Ta ga inda nake kallo. Sai ta juya kai, irin juyawar nan ta kallon taga.

A wurin cin abinci kowa ya ci har da neman ƙari. Wani ya ce mini miyar ta yi daɗi. Tir da baki.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na shayar. Guda-guda a gefe sun yi yaushi. Laifina.

Talata, 7 ga Mayu, da sassafe

Na same ta a rumfar leda tana tsuguno tana cire ciyawa a cikin dashe. Na zauna a kan bokiti.

"Dokta, ina da tambaya ta ilmi. Mashin uwarki, ɗan wane gida ne a cikin ukun nan?"

Ta ci gaba da cire ciyawa.

"Ko akwai gida na huɗu, na masu gadin kabarin attajirai?"

Ta share hanci da bayan hannu. "Zubi ne, Baba, ba ƙira ba. A masana'anta aka zuba shi, da ɗaruruwan 'yan'uwansa. Akwai layin zubin a gefensa, kafin ka cinye shi da magagari. Ramin ƙotarsa ma kusurwa huɗu gare shi. Wane mahayi ne zai riƙe sanda mai kusurwa?"

"To ya aka yi ya je gona?"

"Yadda komai ke zuwa gona. A cikin taki, ko ɓaraguzai."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekarata ta farko a jami'a. Sati na uku."

"Kika yi shiru."

"Ka taɓa gwada gaya wa Mama abin da ba ta son ji?"

"Shekara arba'in ina gwadawa."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta ƙarasa ba. Ta ce sau da yawa ta zo gida da niyyar faɗa, sai ta tarar uwar ta tara maƙwabta tana nuna musu. Ta ce duk aikin nata a kan kan shinge aka gina shi, to don me za ta damu idan ya rushe.

Ni ba mai wa'azi ba ne, kowa ya sani. Abin da ya zo bakina shi na faɗa. Na ce, "Uwarki ta tafi da abu biyu a ranta: tana da mashin Avarawa, kuma 'yarta dokta ce. Na farkon mun riga mun cuce ta, ni da ke, har na ƙara masa mai. Ƙarya ɗaya ta isa akwati ɗaya, Emese."

Ta miƙe ta fita. Ba ta yi mini magana ba har yamma.

Laraba, 8 ga Mayu

Ba ta yi mini magana ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da rana

Na dafa dankali da tattasai da kaina, na hana ta shiga kicin. Ƙasan ya ƙone, saman ɗanye, tsakiyar kuma ban san sunan abin da ya zama ba. Na zauna a gabanta na cinye tas, ina kallonta, har na kankare tukunya.

"Ya yi daɗi?"

"Kamar takalmin soja. Amma ga ni a raye. Gobe ma zan ci, in kuma rayu. Rozi tana can tsallaken titi tana jira in yi tari ta kawo miya. Mutum ba ya mutuwa don mugun girki, in da ana mutuwa da Rozi ta daɗe da zama gwauruwa."

"Za ka zauna kai kaɗai a gidan nan."

"Da kare. Yana raina ni, kamar dai ba a yi rashi ba."

Na faɗi kalmar. Ban yi niyya ba.

Matar gidan waya ta aiko a tambaya ko Litinin za ta fara. Ban ji amsar da aka ba ta ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Na fito neman wurin ajiye kofi, babu. Doki ya dawo, da sirdinsa. Mai haƙora yana jingine da gishiri. Tana waya a tsakar gida tana cewa, "Na sani, Farfesa. Na sani. Zan kai."

Na sha kofina a tsaye. Ƙazantar banza, a kan teburin cin abinci. Ban ce uffan ba, kada in tsorata su su gudu.

Na shayar.

Laraba, 15 ga Mayu, da la'asar

Ranakun waliyyan sanyi uku, da sanyi kan dawo ya kashe shuka, sun wuce jiya ba su yi ɓarna ba, don haka yau aka yi dashe, yadda Jolan ke yi. Da me za a huda? Na fere ƙotar tsohuwar tsintsiya. Ina hudawa, Emese tana sawa tana dannawa. Layukan sun karkace kamar hanyar mashayi.

Muna tsakiya ta tsaya, hannu duk laka, ta ce, "Baba, ka san abin da muka yi? Nan da shekara dubu wata wahalalliya irina za ta tono Mama. Mace, da tabarau, da tsefe, da mashi a hannun dama, an wasa shi kamar za a yaƙi."

"Sai ta rubuta me?"

"Matan bakin Tisza mayaƙa ne."

"To ai ba ta yi ƙarya ba."

Ta yi dariya har ta zauna a kan kunya ta murƙushe mini dashe biyu. Daga baya dariyar ta zama wani abu. Na ci gaba da huda, na bar ta ta gama.

Juma'a, 17 ga Mayu, da rana

Na kai ta tasha, da akwati biyu. Na gawarwakin ni na ɗauka, ya fi nauyi. Ta ce in riƙa kashe gas. Na ce ta riƙa cin abinci nesa da matattu. Ta ce in an sa ranar da za ta tsaya gaban malamai, sai na zo. Na ce idan kwat ta yarda.

Na dawo na tarar ta bar mai haƙora a wurinsa, jingine da gishiri. A ce mantuwa ce, ba ta mantuwa da mutanenta.

Na ɗumama sauran dankali na zauna. Yana kallon kwanona, ina kallonsa. Mummuna ne, Allah Ya sani. Amma ya fi tebur fayau. Na ce masa bismilla, bai ci ba. Shi ma ɗan gayu ne.

Jolan, sun kama ƙasa. Layin ya karkace, kada ki duba da kyau. Na shayar.